Waiwaye: Furannin da lauje da kofato suka tsare

A ranar 12 ga Fabrairun kowace shekara, duk mai saniya ko doki ko tunkiya a fadamar da ke arewa da garin Cricklade, a yankin Wiltshire na kudancin Ingila, dole ya kora abarsa ya fita, in ma ambaliya ba ta riga ta kore su ba tun cikin hunturu. Daga ranar fadamar ta shiga hutu. Kofato ba ya taka ta, lauje ba ya taɓa ta, har watan Yuni ya ƙare. Yuli na kamawa sai masu yanka su shiga, su yanke ciyawar, su shanya, su ɗaure ingiricinsu su kwashe. Wa'adinsu 12 ga Agusta. Ranar nan filin yake tashi daga hannun masu ingirici ya koma na gari duka, mazauna Cricklade su sako dabbobinsu a kan tohon da ya biyo bayan yanka, su yi ta kiwo har wani Fabrairun ya zagayo.

Shekaru ɗaruruwa ke nan ana wannan zagaye, kuma waɗanda suka tsara shi ba fure ne a gabansu ba. Damuwarsu ita ce yadda dabba za ta ga bayan hunturu da ranta, a ƙasar da sanyi ke hana ciyawa tsiro wata da watanni. Sai dai a tsakiyar watan Afrilu, cikin wancan hutu, lokacin da sanyi ya ja da baya kuma ruwan ambaliya ya koma kogi, fadamar tana fito da wani abu da a yau mutane ke yin tattaki daga nesa don su gani. Fure ne da Turawan Ingila ke kira furen kan maciji, saboda yadda kansa ke sunkuye, siriri, kafin ya buɗe. Masana tsirrai suna ce masa Fritillaria meleagris. Tsayinsa taƙi ɗaya zuwa biyu, ganyensa sirara ne har ba a bambanta su da ciyawar da ke kewaye, tushensa kuma 'yar albasa ce a ɓoye cikin ƙasa. Ko bayan ya buɗe a kife yake, yana kallon ƙasa. Launinsa shunayya ne mai duhu, da ɗigo-ɗigon fari a jere kamar jikin zabuwa, nan da can kuma a ga fari tas a cikinsu. Fadamar, wadda sunanta North Meadow, hekta 44 ce kacal tsakanin kogin Thames da wani ƙaramin kogi mai suna Churn, amma ana ƙiyasta cewa kashi 80 cikin 100 na wannan fure da ke tsirowa da kansa a duk Birtaniya a cikinta yake.

Na taɓa shiga wurin a wani Afrilu, zamanin da karatu ya zaunar da ni a ƙasar. Da sassafe ne, raɓa ba ta bushe ba, ƙasa na tsotsar takalmi saboda laka. An shata wa masu kallo hanya, an roƙe su kada su kauce mata, don ƙafa ɗaya tana iya murƙushe tsiron da ya yi shekaru yana haɗa ƙarfin fitar da furensa na farko. Daga bakin ƙofa ba abin da ido ke gani sai wani duhu-duhun shuni da ya kwanta a kan koriyar ciyawa har can bakin itatuwan kogi. Furen ba ya nuna kansa ga wanda ke tsaye. Sai ka durƙusa, gwiwarka ta jiƙe, ka karkata kai ka leƙa ta ƙarƙashi, sannan za ka ga cikinsa, da 'yan sandunan rawaya masu ɗauke da garin fure. Ina nan durƙushe wata ƙatuwar ƙudan zuma mai gashi a jiki ta iso, irin uwayen da ke farkawa daga barcin hunturu suna neman abin da za su kafa sabon gida da shi. Ta kama leɓen furen da ƙafafu, ta cusa kai sama ta shige gaba ɗaya. Karan ya lanƙwashe saboda nauyinta, furen ya yi ta kaɗawa, ana jin gunjinta daga ciki. Da ta fito bayanta ya yi rawaya, ta wuce na gaba. A gefe, inda ruwa ya fi kwanciya, wasu furanni ruwan ɗorawa sun cika bakin lambatu, wasu farare-farare masu ɗan ja suna tsakanin ciyawa. An ƙirga tsirrai fiye da iri 250 a wannan fili, kowanne da watansa: na Afrilu su wuce, na Mayu da Yuni su karɓa. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa wasu gajerun duwatsu ne da aka kakkafa cikin ciyawa tun zamanin da, masu nuna iyakar rabon kowane mai yanka. Ba shinge, ba waya. Dutse ne kawai, da sanin da kowa ya yi wa haƙƙin ɗan'uwansa.

Mai zuwa kallo yakan ɗauka cewa wuri irin wannan ya tsira ne don an hana mutane taɓa shi, kuma da za a kewaye shi a kori masu yanka da masu kiwo, da furannin sun fi haka yawa. Wanda ya bi ranakun nan ɗaya bayan ɗaya zai ga akasin haka. Furen kan maciji yana buɗewa a Afrilu, amma irinsa ba ya nuna sai cikin Yuni, lokacin da karan ya miƙe tsaye, kwanson ya bushe ya tsage. Da ana yanka a Mayu, da ba iri ɗaya da zai faɗi ƙasa. Jiran Yuli shi ke ba shi, da sauran 'yan'uwansa, damar zubar da zuriya. Yankan kansa kuma wajibi ne. Kowane hunturu Thames da Churn suna tumbatsa su malale filin, su bar laka mai taki. In aka bar takin nan yana taruwa shekara bayan shekara, manyan ciyayi masu haɗama ne za su ci moriyarsa, su yi tsawo su rufe wa ƙanana rana. Ingiricin da ake kwashewa yana fitar da abin da ruwa ya kawo, ƙasar ta zauna a tsaka-tsaki, ba ta yi ƙiba ba, ba ta rame ba, kuma a irin wannan ƙasa ce kaɗai tsirrai masu yawa ke iya zama tare ba tare da wani ya danne wani ba. Bayan yanka shanu su shigo su cinye toho, kada ya kwanta ya ruɓe ya zama shimfiɗar da sabon tsiro ba zai iya hudawa ba. Kofatonsu yana buɗe 'yan gurabe a ƙasa, yana danna iri a ciki. Sannan a fitar da su a Fabrairu, daidai kafin albasar ta turo kai. A bar filin shekara biyu ko uku ba yanka ba kiwo, za a ga ya fara sauya kama. A bar shi shekara ashirin, ƙaya da itatuwan bakin ruwa su gaje shi.

Masu riƙe da wannan tsari wata tsohuwar kotun gari ce da ake kira Court Leet, irin kotunan da suka cika Ingila a zamanin sarakunan gargajiya da iyayen ƙasa. Kusan dukkansu sun mutu, ta Cricklade na cikin 'yan kaɗan da har yanzu ke zama. Ita ke naɗa jami'in da ke lura da kiwon fadamar, ya san dabbar wa ta shiga da kuma nawa ne, don an ƙayyade adadin da mutum zai iya sakowa. Ita kanta ranar 12 ga Agusta tana da labari. Asalinta 1 ga Agusta ce, ranar bikin Lammas, wadda Kiristocin Ingila na da ke kai burodin sabon hatsi coci. A 1752 Birtaniya ta sauya kalanda, aka tsallake kwana 11 a watan Satumba: aka kwana ranar 2, aka tashi ranar 14. Gwamnati ta gyara takardunta, amma ciyawa ba ta san an yi ba. Manoma suka ga in suka bi sabon lissafi za a sako dabbobi kafin a gama kwashe ingirici, sai suka tura ranarsu gaba da kwana 11, suka ci gaba da bin lokacin da ƙasa ta saba da shi. Ina ganin hankali a cikin wannan ƙaramin taurin kai.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: me ya sa wannan fadama ta tsira alhali dubban irinta sun tafi? Amsar tana cikin rabon haƙƙin nan. Mai rabon ingirici ba zai iya sa garma ya shuka alkama ba, domin daga Agusta filin na jama'a ne, kuma ba za su yarda a mayar musu da makiyaya kunya-kunya ba. Masu kiwo ba za su iya barin dabbobinsu duk shekara ba, domin daga Fabrairu filin na mai yanka ne. Ba wanda ke da cikakken iko, don haka ba wanda ya iya yanke shawarar da za ta kashe wurin. Sa'ad da gwamnati ta ayyana shi cikin wuraren da ƙasa ke karewa a 1973, abin da ta tarar a raye ta tarar da shi. Hukumar da ke kula da shi a yau, Natural England, ba ta kori masu yanka ba, ba ta rushe kotun ba. Manoma take nema su zo su yanka, tana kuma fatan a samu isassun shanu a kan lokaci.

Sauran ƙasar ba ta yi wannan sa'a ba. Wani bincike da aka buga a 1987 ya nuna cewa tsakanin 1930 da 1984, Ingila da Wales sun rasa kashi 97 cikin 100 na tsofaffin filayen ciyawa masu furanni da ke ƙasashen kwari. Irin na Cricklade, masu shan ambaliya, abin da ya rage bai kai hekta 1,500 ba. Kuma ba mugunta ce ta jawo ba, wannan ya kamata a faɗa da gaskiya. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu Birtaniya na shigo da mafi yawan abincinta ta teku. Da jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suka fara nutsar da jiragen dakon kaya, yunwa ta leƙo ƙofa. A 1939 gwamnati ta sa ladan fam 2 a kan kowace eka ta tsohuwar ciyawa da manomi ya nome, ta kafa kwamitoci a kowace gunduma masu ikon tilasta wa mutum noma, har da ƙwace gonar wanda ya ƙi. Miliyoyin eka suka shiga ƙarƙashin garma cikin 'yan shekaru. Rabon abinci da kati bai ƙare ba sai 1954. Mutumin da ya ga 'ya'yansa suna layin burodi, ba ni da bakin da zan ce masa ya bar fure ya ƙi dankali. Abin da ke ba ni takaici shi ne abin da ya biyo baya, bayan ciki ya cika. Dokar noma ta 1947 ta tabbatar wa manoma farashi, tallafi ya ci gaba da zuba a kan haƙa magudanai da busar da fadamu, hannu ya saba, ba wanda ya tsaya ya tambayi inda za a dakata. A kewayen Cricklade ma wata hanyar aka bi: ƙarƙashin fadamun akwai tsakuwa mai kyau ta gini, aka yi ta haƙa, ramukan suka cika da ruwa. Tafkuna fiye da ɗari da ake yawon shaƙatawa a kansu yau a yankin, gonaki da filayen ciyawa ne a da.

Filayen da garma ba ta taɓa ba ma ba su tsira ba, kuma nan ne labarin ya fi ba da mamaki, don daga nesa kore suke shar, har sun fi da kyan gani. Abu biyu ne suka cinye su a tsaye. Na farko sabuwar hanyar adana ciyawa: maimakon a jira Yuli a shanya ingirici, sai a yanka ta ɗanya tun watan Mayu, a danne a rufe ta yi tsami, a sake yanka sau biyu ko uku kafin shekara ta fita. Dabba ta samu abinci mai kyau, manomi ya huta da fargabar ruwan sama, amma ba furen da ke kaiwa ga zubar da iri. Na biyu takin zamani. Wannan kuwa an san sakamakonsa tun da daɗewa, domin a 1856 wasu mutum biyu, John Bennet Lawes da Joseph Henry Gilbert, sun yanka wani tsohon filin ciyawa a Rothamsted, arewa da Landan, gida-gida, suna zuba wa kowane gida taki iri dabam, wasu kuma ba a zuba musu komai. Lawes mai masana'antar taki ne, yawan ingirici yake nema. Ya kuwa samu. Amma cikin 'yan shekaru suka lura gidajen sun sauya kama har kamar ba iri ɗaya aka fara da shi ba. Gwajin nan yana nan har gobe, ba a taɓa tsayar da shi ba. Gidajen da ba su taɓa ganin taki ba suna ɗauke da tsirrai wajen iri 40. Waɗanda aka yi ta ɗura wa takin nitirojin mai sa ƙasa tsami, iri 2 ko 3 suka rage musu. Layin da ya raba su a miƙe yake, taku ɗaya ne tsakani.

Ko a Cricklade, inda aka riƙe amana, an ga abin da ke faruwa in zagayen ya karye. Shekarar 2012 ta zo da ruwan da Ingila ta daɗe ba ta ga irinsa ba, kuma a lokacin da ba a saba ba, tun daga Afrilu har cikin watannin zafi. Fadamar ta saba da ambaliyar hunturu, lokacin da tsirrai ke barci. Wannan karon ruwa ya kwanta mata wata da watanni a lokacin girma. Tarakta ba ta iya shiga ba, ba a yanka ingirici ba. Tun 1999 masu aikin sa kai ke taruwa kowane Afrilu, ƙarƙashin jagorancin masu bincike na jami'ar Open University, su durƙusa a wurare ƙayyadaddu masu faɗin mita ɗaya-ɗaya suna ƙirga furen kai da kai. A Afrilun 2013 suka zo suka tarar kusan babu komai, sai 'yan ƙalilan. Hankalin mutanen garin ya tashi. Amma da ruwa ya janye aka koma yanka da kiwo, furen ya dawo, domin albasarsa tana iya kwanciya cikin ƙasa shekara guda ko fiye ba ta fito da ko ganye ba, tana jiran lokaci ya gyaru. Ƙirgar nan mai gajiyarwa ce ta tabbatar da hakan. Haƙurin albasar kuwa yana da iyaka. Tana jure shekarar da ta ɓaci, in dai wadda ke biye za ta dawo kan tsari.

Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa, wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinsa, ko da bai taɓa jin sunan Cricklade ba. Ina yaro, in kaka ta yi, an kai dawa da gero rumbu, akwai yammacin da Ardo kan zo zauren mahaifina da sandarsa a kafaɗa. Bayan gaisuwa mai tsawo, an tambayi iyali an tambayi shanu, sai ya ce, "Malam, ya maganar gona?" Mahaifina ya ce, "Ardo, a ƙara mana haƙuri kaɗan, wake bai gama fita ba, harawa ma tana ƙasa. In kasuwa biyu ta ci, bismillah." Ardo ya ce, "Allah ya kai mu." Iyakar yarjejeniyar ke nan, kuma ban taɓa ganin saniya ta riga ranar shiga ba. In sun zo sai su kafa ruga a tsakiyar gonar, shanu su ci kara da karmami da rana, su kwana a wurin da dare, ana matsar da makwancin daga wannan kusurwa zuwa waccan. Mu yara mu ne 'yan aike, mu kai damin hatsi mu dawo da ƙwaryar nono. Da damina ta sauka, ko ba a faɗa maka ba kana gane inda garke ya kwana, don dawar wurin ta fi duhun kore da kaurin kara. Gonar ta mahaifina ce daga shuka zuwa girbi. Daga girbi zuwa saukar ruwa, Ardo yana da rabo a cikinta wanda ba a rubuta a ko'ina ba.

A Jamhuriyar Nijar an shigar da wannan cikin doka. Dokar kiwo ta 2010 ta tanadi lokacin rufe gonaki da lokacin sakinsu, kuma kowace shekara hukuma kan sanar da ranar sakin gonaki yanki-yanki, bayan an ji ta bakin sarakuna da wakilan manoma da makiyaya. A wurare da yawa na arewacin Najeriya kuwa igiyar ta sassauta. Kara da harawa sun zama kayan sayarwa, buhun taki ya sa manomi ganin ba ya bukatar garke, noman rani ya mamaye fadamun da shanu ke sauka, burtali ya shige cikin gona. Kowanne da dalilinsa, kuma dalilin ba na banza ba ne, kamar yadda na manomin Ingila na 1939 bai zama na banza ba. A dausayin Haɗeja da Nguru mun ga ɗaya fuskar, ta ruwa. Can ma rayuwa a kan zuwan ambaliya da janyewarta aka gina ta: masunci a lokacinsa, mai shinkafa a lokacinsa, makiyayi in ƙasa ta bushe. Da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar ta ragu, ruwan ya koma gudana ba damina ba rani, kachala ta samu abin da take so ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Abin da na ɗauko daga waiwayen nan shi ne, ƙasar da mutane dabam-dabam ke karɓa-karɓa a kanta tana da wata kariya da ƙasar mutum ɗaya ba ta da ita, kuma ranakun karɓa-karɓar su ne ginshiƙin. Mukan raina su don ba su da ofis, ba su da hatimi. Idan muka tashi kare wani wuri, tunaninmu na farko shi ne shinge da mai gadi, a kori mai lauje a kori mai sanda, alhali sau da yawa su ne suka mai da wurin abin da ya cancanci a kare. Kafin a kafa allo a bakin kowace fadama, ya kamata a fara zama da dattawan da suka san wa ke shiga a wane wata, wa ke fita, kuma me ya sa.

Ingila tana ƙoƙarin mayar da abin da ta rasa, kuma ƙoƙarin ya nuna tsadar abin. A 2013, don cikar Sarauniya Elizabeth shekara 60 da naɗi, ɗanta Charles, wanda yake Yarima a lokacin, ya ƙaddamar da shirin samar da sabon filin furanni a kowace gunduma. Dabarar mai sauƙi ce: a yanki ciyawar tsohon fili tana ɗanya da irinta a jiki, a ɗora a mota, a watsa ta a sabon wuri a ranar, kafin ta yi zafi irin ya mutu. Tsofaffin filayen da suka tsira su ne rumbun iri, ba su ba shirin. Akan haɗa da wani ɗan tsiro mai furen rawaya da ke tsotsar saiwar ciyawa yana rage mata ƙarfi, don ƙananan furanni su samu wurin numfashi. Cikin shekara biyu ko uku fili ya fara yin launi, masu wucewa su yi murna.

Amma launi dabam, dawowa dabam. A kusa da Oxford, a bakin Thames ɗin nan dai, akwai wani fili mai suna Somerford Mead da aka taɓa nomawa ana zuba masa taki. A tsakiyar shekarun 1980 aka watsa masa iri daga wata tsohuwar fadama da ke maƙwabtaka, aka koma yanka shi sau ɗaya a shekara. Sannan aka raba shi: wani sashe shanu ke kiwon tohonsa bayan yanka, wani tumaki, wani kuma ba a sa masa dabba ko ɗaya. Aka yi ta bibiya fiye da shekara ashirin. Sashen da dabbobi ke shiga, musamman na shanu, shi ya fi matsowa kusa da tsohuwar fadamar, wanda aka hana wa dabba kuma shi ne koma baya. Ko sashen da ya fi kyau, da masu binciken suka auna saurin da tsirrai ke dawowa cikinsa, lissafinsu ya nuna zai ɗauki fiye da ƙarni guda kafin ya kamo fadamar da aka ɗebo irin daga cikinta.